Dutse Ɗaya, Suna Uku

A mahaƙar dutsen siminti ta Ashaka, kusa da Bajoga a Jihar Gombe, ana fasa wasu duwatsu masu siffar ƙahon rago a naɗe, wasu kamar dunƙulen hannu, wasu sun fi haka girma. Asalinsu ba dutse ba ne. Ƙwanso ne na wata dabbar teku da masana ke kira amonayit, dangin oktofus mai hannuwa takwas, wadda ta rayu a zamanin da ruwan gishiri ya malalo daga tsohon tekun Tetis, wanda Bahar Rum ragowarsa ne, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya bi kwarin Binuwai har ya sadu da Atlantika. Masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta wannan da kimanin shekara miliyan 94. Dabbar ta mutu, laka ta cika ƙwansonta, lakar ta ƙeƙashe. Ɗaya daga cikin ire-irenta, wadda aka tsinta a wajen Gongila, ta sha raɗin suna har sau uku. A 1911 Henry Woods na Jami'ar Kambirij ya siffanta ta a cikin littafin J. D. Falconer kan ƙasa da duwatsun Arewacin Nijeriya, ya kira ta Vascoceras gongilense. A 1954 Richard Reyment ya ga ba ta dace da wancan gida ba, ya gina mata nata, ya kira shi Gombeoceras, wato ƙahon Gombe. Bayan wasu shekaru masana suka rushe gidan, suka mayar da ita cikin Thomasites, jinsin da Léon Pervinquière ya kafa tun 1907 da duwatsun Tunisiya. A duk tsawon wannan lokaci dutsen bai ƙaru ba, bai ragu ba. To, idan abu ɗaya zai iya ɗaukar suna uku a bakin ƙwararru uku, rabe-raben halittu gida-gida abu ne da ke cikin halittar kanta, ko kuwa mu ne muke ja mata layi don sauƙin kanmu?

Tambayar ta girmi ilimin duwatsu nesa ba kusa ba. Malaman usulu sun yi ta muhawara a kan asalin harshe: shin sunayen abubuwa Allah ne Ya tsayar da su Ya koyar, abin da suka kira tauƙifi, ko mutane ne suka daidaita a kansu, wato isɗilahi? Ana jingina ra'ayin farko ga Imam Ash'ari, Ibn Faris ma ya kare shi, kuma hujjarsu aya ta 31 ta Suratul Baƙara, inda aka ba da labarin sanar da Annabi Adamu sunaye. Ana jingina na biyu ga Abu Hashim al-Jubba'i. Wasu, irin su Baƙillani da Gazali, suka ga dalilan ba su kai a yanke hukunci ba. A wani zauren kuma, na masu karatun manɗiƙ, wanda duk ya karanta Sullam na Akhdari ya san kalmomin jinsi da nau'i, jinsi shi ne babban gida, nau'i ɗaki ne a cikinsa. Ibn Taimiyya, a raddinsa ga masu manɗiƙ, ya tsaya a kan cewa irin waɗannan gamammun ma'anoni a cikin kwanya suke zaune, abin da ke waje kuwa ɗaiɗaikun abubuwa ne kawai, wannan doki da wancan doki. Matsayin da nake karewa a nan shi ne: lafazin suna namu ne, iyakar da muke ja ma sau da yawa tamu ce, amma abin da sunan yake nufa, wato cewa waɗannan halittu 'yan ɗaki ɗaya ne, waɗancan ba su ba ne, magana ce a kan duniya, tana iya zama gaskiya, tana iya zama kuskure. Hujjata mafi ƙarfi kuwa ita ce ainihin abin da mai shakka yake kafa hujja da shi, wato sauye-sauyen sunan nan.

Kafin a je can, ya kamata a ga yadda aikin yake gudana, don da yawa suna zaton kallon dutse ake yi a laƙaba masa suna. Ƙwanson amonayit ba kamar na katantanwa ba ne, wanda cikinsa rami ɗaya ne har ƙarshe. Shi an kasa shi ɗaki-ɗaki da shamakai, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe mafi faɗi, wani siririn bututu yana ratsa sauran ɗakunan yana zuƙe ruwa daga cikinsu, don ƙwanson ya iya ɗaukar kansa a cikin teku. Mun san haka ne domin 'yar uwarta notilus tana raye har yau a tekunan Fasifik da Indiya, da ƙwanso mai irin wannan gini, ko da yake ita amonayit ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Inda shamaki ya haɗu da bangon ƙwanso yakan bar wani zane mai lanƙwasa kamar surfani, kuma kowane dangi da salon nasa zanen. Mai siffantawa yana auna faɗin ƙwanson, da kaurinsa, da girman cibiyarsa, wato lotsin da ke tsakiya. Yana ƙirga haƙarƙarin da ke jikinsa da ƙulle-ƙullen da ke kafaɗarsa. Yana zana surfanin. Yana rubuta daga wane shimfiɗin dutse aka ciro shi. Sa'an nan ya zaɓi ƙwanso guda ɗaya tak ya ce sunan a kansa yake. Wannan zaɓaɓɓe ba lallai ya fi sauran kyau ko kama da danginsa ba. Turke ne kawai. An ɗaure sunan a jikinsa, an ajiye shi a gidan adana kayan tarihi, domin duk mai jayayya ya je ya duba da idonsa. Ƙa'idar duniya ta sunayen dabbobi, wadda take ƙirga daga littafin Linnaeus na 1758, ta ƙara da cewa idan sunaye biyu suka faɗa kan abu ɗaya, wanda ya riga shi ne mai gida. Dalilin da ya sa Gombeoceras na 1954 ya ja da baya ga Thomasites na 1907 ke nan, kuma dalilin da ya sa kalmar Gongila ta tsira a cikin sunan nau'in duk sau ukun.

Mai shakka zai ce to ai ga shi nan, ƙa'idar mutane ce, kuma tarihin fannin cike yake da rikici. Gaskiya ne, rikicin ma ya fi yadda yake zato. Sydney Buckman, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan amonayit na kudancin Ingila, yana ganin ɗan bambanci sai ya raɗa sabon suna. A 1966 Gerd Westermann ya sake auna wani rukuni na jinsin Sonninia da Buckman ya raba nau'i-nau'i har gommai, ya nuna cewa in aka jera su gefe da gefe babu inda layi zai shiga: daga mai ƙiba, mai faɗin cibiya da manyan haƙarƙari, har zuwa siriri, mai tsukakkiyar cibiya da santsin jiki, a hankali siffar take zamewa. Abin da ya faru da duwatsun Gombe ke nan. W. Barber, a rahoton da ya wallafa a 1957 ƙarƙashin Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, ya jera sunaye masu yawa. Da Christian Meister ya yi nasa aikin a Ashaka a 1989, da kuma Peter Zaborski ya sake nazarin Vascoceras na arewa maso gabas a 1996, suna tsinta shimfiɗi bayan shimfiɗi kuma da yawa, sai aka ga wasu daga sunayen da, fuskoki ne daban-daban na abu ɗaya. Baƙon da bai taɓa ganin saniya ba, in aka nuna masa ƙahon Rahaji mai tsawo da guntun ƙahon Bokolo, zai rantse dabbobi biyu ne. Wanda ya tashi cikin garke ba zai yi wannan kuskure ba, don ya ga abin da ke tsakani.

Amma a tambayi abin da ya tilasta gyaran. Ba ƙuri'a aka kaɗa ba, ba kuma wani babba ne ya ba da umarni ba. Duwatsu aka ƙaro, sai duwatsun suka ƙi zama a ɗakunan da aka gina musu. A nan ne bambanci yake tsakanin suna da hukunci. Uban da ya raɗa wa ɗansa Audu ba zai taɓa wayar gari ya gano cewa ashe Garba ne ba, domin babu wani abu a jikin yaron da sunan yake da'awa. Wanda ya ce wannan yaro ɗan gidan wane ne, shi kam ana iya ƙaryata shi, don ya faɗi magana a kan nasaba. Sunan kimiyya ya haɗa duka biyun a kalma ɗaya, shi ya sa yake ruɗar mutane. Haruffan Vascoceras zaɓin Paul Choffat ne, wanda ya kafa jinsin a Fotugal a 1898 don tunawa da Vasco da Gama. Da ya zaɓi wasu haruffan, babu abin da zai lalace. Amma da'awar cewa ƙwanson Fotugal da na Damargu, waɗanda René Chudeau ya siffanta a 1909, da na Gombe duk zuriya ɗaya ne, wannan ba zaɓin kowa ba ne. Abin da babu gaskiya a cikinsa ba a gyara shi, sai dai a sauya shi kamar yayin hula. Rabe-raben amonayit kuwa gyara shi ake yi, kuma ana iya nuna dutsen da ya jawo gyaran.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na namiji da mace. Tsawon shekaru masana suna samun ƙwansuna iri biyu kwance tare a shimfiɗi ɗaya: babba mai sauƙin baki, da ƙarami mai wasu 'yan kunnuwa a bakinsa. Aka ba su sunaye daban, wani lokaci har jinsi daban. A 1962 Henryk Makowski a Folan, a 1963 kuma John Callomon a Landan, kowa da nasa binciken, suka tattara hujjar cewa naɗin farko na ƙwansunan biyu iri ɗaya ne, sai sun doshi balaga suke rabuwa, kuma tare suke bayyana a cikin duwatsu, tare suke ɓacewa. Zakara da kaza ne aka ɗauka tsuntsaye biyu. Yawancin masana suna ganin babbar ita ce mace. A lura da abin da ya faru: dangantakar da ke tsakanin waɗannan halittu biyu tana nan tun kafin a sami ɗan Adam da zai yi kuskure a kanta, ta jira har aka gane ta. Wanda ya ce gida-gida a kwanya kawai yake, sai ya faɗa mana a kwanyar wa wannan aure yake zaune duk tsawon zamanin.

Akwai suka ta biyu da ta fi ta farko nauyi, kuma ba na son in rage mata ƙarfi. A dabbobi masu rai, babban ma'aunin nau'i shi ne haihuwa: waɗanda suke barbara su hayayyafa 'ya'ya masu haihuwa, ɗaki ɗaya ne. Doki da jaki suna haifar alfadari, alfadari kuwa ba ya haihuwa, sai muka san iyaka ta ratsa tsakaninsu. Amonayit ba mai sake ganin haihuwarta. Naman ya tafi, launin ya tafi, ƙwanso kaɗai ya rage, kamar a ce a tantance ƙabilun wani gari da kangon gidajensu. Tabbas akwai nau'o'i biyu da ƙwansonsu ya yi kama har muka haɗe su, akwai kuma ɗaya da muka raba. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ƙarancin shaida daidai yake da rashin abin da ake shaida a kansa. Alƙali yana hukunci da abin da ya bayyana, ya san zai iya kuskure, amma bai taɓa cewa tunda bai ga abin da idonsa ba, babu mai gaskiya tsakanin masu ƙara. Kuma rabe-raben nan yana da wata jarrabawa da yake ci a waje da ɗakin karatu. Tun a shekarun 1856 zuwa 1858 Albert Oppel ya nuna cewa nau'o'in amonayit suna bin juna a cikin shimfiɗun dutse bisa jeri tabbatacce, na ƙasa ya riga na sama, kuma jerin yana maimaituwa daga wata ƙasa zuwa wata. Da wannan ne ake gane cewa dutsen Ashaka da na Tunisiya da na Sarjife a Burazil sa'o'in juna ne. Iyakar da ke tsakanin zamanin Senomaniya da na Turoniya, wadda duwatsun Gombe suka faɗa a bakinta, an kafa alamarta ta duniya a kusa da Pueblo ta Jihar Kolorado a Amurka, a daidai shimfiɗin da amonayit mai suna Watinoceras devonense ta fara bayyana. Da ɗakunan nan ƙage ne tsantsa, da ba za su riƙa fitowa a jere ɗaya a nahiyoyin da masu tsintar ba su san juna ba. Shaidun da ba su haɗa baki ba in suka faɗi abu ɗaya, malamanmu sun san darajar wannan.

Saura suka ta uku, wadda ta fi kusa da falsafa. Idan aka bi zuriya ɗaya daga shimfiɗin ƙasa zuwa na sama, a wasu wurare ana ganin siffarta tana sauyawa kaɗan-kaɗan, har ta ƙarshe ta yi nisa da ta farko. A ina nau'i na farko ya ƙare, na biyu ya fara? Duk inda aka sa wuƙa, mai yanka ne ya zaɓa. A nan zan ba Ibn Taimiyya rabonsa: layin kansa sau da yawa a kwanya yake. Sai dai wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san fiƙihu. Dare ba ya zama rana da ƙiftawar ido, haske yana shigowa ne a hankali, amma shari'a ta sa alfijir na gaskiya ya zama iyakar mai sahur, kuma babu mai hankalin da zai ce tunda ana iya saɓani a kan mintin da alfijir ya keto, dare da rana abu ɗaya ne. Yaro ba ya kwana yaro ya tashi babba, amma Malikawa sun tsayar da shekara 18 ga wanda alamun balaga ba su bayyana gare shi ba. Iyaka tana iya zama isɗilahi alhali abubuwan da ta raba na haƙiƙa ne. Manomi yana raba gero da maiwa saboda lokacin nunarsu, masanin tsirrai yana haɗa su nau'i ɗaya saboda nasabarsu, kuma dukansu biyu abin da ke cikin hatsin suke bi, kowa da tambayar da yake yi masa. Wanda zai raba hatsi bisa ranar da aka sayo shi a kasuwa shi ne ya ƙaga rabo, kuma gona za ta tona masa asiri a damina ɗaya.

Wani mai kishin addini zai iya cewa duk wannan wahala ce a kan abin da ba ya ƙara imani, balle ma sunan dabbar daga gunki ya samo asali. Batun sunan gaskiya ne: Pliny, marubucin Rumawa na ƙarni na farko, ya ambaci irin waɗannan duwatsu da ƙahonnin Ammon, abin bautar Misirawa da ake zanawa da ƙahon rago. Amma wannan yana cikin ɓangaren da na ce namu ne, lafazi, kuma lafazi ba ya ɗaukar aƙida zuwa cikin dutse. Batun amfani kuwa, magabata ba su ɗauke shi haka ba. Biruni ya dubi ƙwansunan teku da ake tonowa a busasshiyar ƙasa, ya yanke cewa wuraren can da teku ne. Ibn Sina, a Kitabus Shifa, ya yi bayanin yadda laka take zama dutse, da yadda ake samun dabbobin ruwa a cikin duwatsu. Aya ta 20 ta Suratul Ankabut ta yi umarni da tafiya a bayan ƙasa da duban yadda aka fari halitta, kuma duba na gaske ba ya yiwuwa sai da rarrabewa, don idon da bai san wannan daga wancan ba kallo kawai yake yi. Ni a ganina labarin Annabi Adamu da sunaye yana nuna abu biyu a tare: cewa halitta tana da tsarin da za a iya sani, da kuma cewa an ba mutum abin da zai san shi da shi. Bai nuna cewa kowane ɗan Adam zai dace a karon farko ba. Mai imani da cewa an yi komai bisa ƙaddarawa da awo shi ya fi kowa dalilin tsammanin cewa akwai gidaje na gaske a cikin halitta, shi ya fi kowa kuma dalilin tsoron ɗaukar zanen da ya yi da hannunsa a matsayin zanen Mahalicci. Aikin Woods da Reyment da Zaborski ijtihadi ne a ma'anarsa ta asali, ƙure ƙoƙari a kan dalilin da ke hannu, tare da barin ƙofa ga wanda zai zo da dalilin da ya fi.

Ƙofar nan kuwa a rubuce take cikin ƙa'idar kanta. Sunan da aka ajiye saboda an ga ya faɗa kan abu ɗaya da wani tsohon suna, ba a shafe shi. Yana nan ɗaure a turkensa, da sunan wanda ya raɗa shi da shekararsa. Idan wata rana wani ya tsinci isassun ƙwansuna a Ashaka ko Pindiga, ya rubuta shimfiɗin da kowanne ya fito kafin injin niƙa ya mayar da su siminti, ya auna su, ya nuna cewa zuriyar Gongila ta bambanta da ta Tunisiya bambancin da ya kai a raba musu gida, ba zai ƙirƙiro sabon suna ba. Ƙa'ida za ta sa ya koma ga Reyment da 1954, ya sake kiran dabbar Gombeoceras.